Gumakan Nok: Gadon da Muka Yi Sake da Shi

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunkin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka sake samun wani kai a yankin Jama'a, har aka kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Da Bature Bernard Fagg ya gwama su, sai ya gane aikin al'umma ɗaya ne, wadda ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Irinsu aka adana a Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

To amma a shekarun 1990 ɓarayi suka yi ta haƙa suna sayarwa Turai. Yau da yawansu sai dai mu gani a intanet. 'Yan'uwa, gunkin da ba a san ramin da ya fito ba ya rasa rabin tarihinsa.