Abu Hanifa Dinawari da Ganyen Itatuwan Hamada



Abu Hanifan da nake nufi a yau ba limamin mazhaba ba ne. Shi ne Ahmad bin Dawud, mutumin garin Dinawar a yammacin Iran, wanda ya rasu wajen shekara ta 282 bayan Hijira (895 Miladiyya). Ya wallafa Kitabun Nabati, littafin tsirrai, inda ya tattara abin da malaman lugga da Larabawan ƙauye makiyaya suka sani game da itatuwa da ciyayin ƙasarsu.

Waɗannan makiyaya sun raba abincin raƙumansu gida biyu: hamdu, mai gishiri, da khulla, marar gishiri. Sun kuma lura cewa wasu itatuwan hamada, irin su asal, ba su da ganye mai faɗi, sai wani siriri kamar zare da suka kira hadab. Sun ga siffar, amma dalilinta bai fito fili ba sai bayan ƙarnoni. A 1675 Marcello Malpighi na Italiya ya zana ƙananan ƙofofin da ya hango a jikin ganye da madubin ƙara girma. Daga baya aka gane cewa ta nan tsiro yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwansa yake fita. Saboda haka ƙanƙantar ganye tanadin ruwa ne ga itacen hamada. Shi kuwa bado, da yake kwance a kan tafki, ganyensa faffaɗa ne, ƙofofinsa suna sama, ɓangaren da iska take.

Abin baƙin ciki, mafi yawan littafin ya ɓace. Bernhard Lewin ya buga wani yanki a 1953, sannan Muhammad Hamidullah ya tsinto ragowar maganganun daga littattafan da suka naƙalto su, aka buga a Alƙahira a 1973.

Wannan ya sa na tuna da dattawanmu. Manomin Hausa ya san gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa gero yake albarka a ƙarƙashinsa. Ilimi irin wannan yana bin masu shi kabari. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kuka je gida, ku zauna da kakanninku da alƙalami da takarda, ku tambaye su sunayen itatuwa da halayensu.

Allah Ya amfanar da mu. Wassalam.