Daga Gindiri zuwa dokar 2019: wa ke biyan kuɗin karatun naƙasassu?



A ƙasar Hausa makafi sun daɗe da tsarinsu, har da Sarkin Makafi a birane kamar Kano, kuma da yawa sun haddace Alƙur'ani. Boko ne ya makara wajen waiwayarsu. Sai a 1953 'yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, jihar Filato ta yanzu. Makarantar Pacelli ta Legas ta biyo baya a 1962. Duka biyun da kuɗin coci da na masu taimako suka fara, ba na gwamnati ba.

Gwamnatin tarayya ta shigo sosai a 1977: manufar ilimi ta ƙasa ta ware babi ga ilimi na musamman, aka kuma kafa kwalejin horar da malamansu a garin Oyo. A 1993 gwamnatin soja ta yi doka mai alkawarin karatu kyauta, amma ta tsaya a takarda.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare. To, amma a ganina "kyauta" ɗin nan kuɗin makaranta kawai ta ɗauke. Na'urar rubutun makafi, na'urar ji, keken guragu da kuɗin motar zuwa makaranta kullum, har yau galibi aljihun uba suke jira. A nan yara da yawa ke yankewa, wasu su koma bara a bakin titi.