Martin Bernatz: Mai Zanen da Ya Nuna wa Turai Kano Alhali Bai Taɓa Ganin Ta Ba

Duk malamin da ya koyar da tarihin ƙasar Hausa, a Madarunfa ne ko a Katsina, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani tsohon zane na birnin Kano ba, wanda aka hango daga saman Dutsen Dala. Littattafan makaranta sun yi ta kwafarsa, har wasu na ɗaukar sa tamkar hoton da aka ɗauka da na'ura. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma wanda ya ƙawata wannan zane bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Sunansa Johann Martin Bernatz.

An haifi Bernatz a garin Speyer na ƙasar Jamus a shekarar 1802. Ya yi karatun zane a birnin Biyana, daga bisani ya zauna a Munik, inda ya shahara wajen zana shimfiɗar ƙasa da gine-gine. A zamanin nan na'urar ɗaukar hoto ba ta kai ga matafiya ba, saboda haka ayarin bincike kan tafi da mai zane kamar yadda yake tafiya da ɗan jagora. A 1836 zuwa 1837 Bernatz ya raka masani Gotthilf von Schubert zuwa Masar da Sina'i da Falasɗinu. Daga 1841 zuwa 1843 kuma ya shiga tawagar da Ingilishi suka aika wa Sarki Sahle Selassie na Shawa, a ƙasar Habasha, ƙarƙashin William Cornwallis Harris. Zane-zanen wannan tafiya sun fito a Landan a 1852, a littafin Scenes in Ethiopia, kuma su ne suka sa aka san shi a Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya a matsayin wanda ya iya zana Afirka.

A daidai wannan lokaci wani Bajamushen, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, yana ratsa Sudan ta Tsakiya da kuɗin gwamnatin Ingila. Ya taso daga Tarabulus a 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg. A watan Janairu na 1851 suka rarrabu: Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, shi kuwa Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa. Daga nan ya keta dajin da ke gabas da Madarunfa, wanda yaƙi tsakanin Katsinawan Maraɗi da Fulanin Katsina ya mayar kufai, ya wuce kangon Ɗankama, ya sauka Katsina. Farkon Fabrairu ya shiga Kano, zamanin Sarki Usman. Ya hau Dala da takarda da fensir, ya zayyana abin da idonsa ya gani. Ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, adadin da ya ce yakan ninka a lokacin fatauci.

Cikin su uku Barth kaɗai ya koma gida, a 1855. Da aka tashi buga littafinsa mai juzu'i 5, wanda ya fito da Turanci da Jamusanci a 1857 da 1858, sai aka miƙa wa Bernatz zayyane-zayyanen nan na matafiyi domin ya mayar da su cikakkun hotuna. Kimanin 60 ne suka shiga littafin, ciki har da Agadas, da kasuwar Sakkwato, da shigar Barth Tambutu a watan Satumba na 1853.

Ya kamata a san yadda ake buga irin waɗannan hotuna. Tsohuwar hanya ita ce a karce zane a kan farantin tagulla da aka shafe da kakin zuma, a zuba masa ruwa mai cin ƙarfe, sannan a cika ramukan da tawada. Hotunan littafin Barth kuwa bugun dutse ne, dabarar da Alois Senefelder ya ƙago a Munik a ƙarshen ƙarni na 18. Ana yin zanen da alli mai maiƙo a kan lafiyayyen dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen da ruwa, sai tawada ta kama inda maiƙo yake, ta ƙi inda ruwa yake. Kowane launi da dutsensa. Ke nan kafin Kano ta isa idon mai karatu a Landan ta bi ta hannu uku: na Barth da ya gani, na Bernatz da ya ƙawata, da na mai bugun dutse.

Wannan bai mayar da hotunan ƙarya ba. Tsarin gari, da fasalin soraye da bukkoki, da kududdufai da itatuwan dabino, duk sun dace da abin da Barth ya rubuta. Sai dai launin sararin sama, da faɗuwar inuwa, da tsayuwar mutanen da aka jera a gaban hoto, aiki ne na mai zanen da idonsa ya saba da Habasha da Falasɗinu. Malamin da zai kafa hujja da hoton a kan girman birni yana da madogara. Wanda zai kafa hujja da shi a kan naɗin rawani ko ɗinkin riga, sai ya haɗa da wata shaidar.

Akwai kuma abin da hotunan suka rasa baki ɗaya. Barth bai shiga Maraɗi ba. Overweg da ya zauna a can ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852, bai kai ga rubuta littafin tafiyarsa ba. Saboda haka Maraɗi da Tsibiri da tafkin Madarunfa mai kewaye da kushewun waliyyai ba su samu shiga taskar Bernatz ba. Ba ƙanƙantarsu ce ta jawo haka ba, hanya ce kawai ba ta bi da fensir ta wurinsu ba. Tarihinsu na wancan zamani yana bakin maroƙa da makaɗan fada, da kundayen malamai, da ƙwaƙwalwar dattawa.

Bernatz ya rasu a Munik a 1878. Ya cancanci a ambaci sunansa duk lokacin da aka ɗaga hoton Dala a gaban ɗalibai, a kuma gaya musu ta hannun wa da wa ya biyo. Aikin da ya rage wa malamai da ƙungiyoyin al'adu na jihar Maraɗi shi ne su tattara abin da ke hannun dattawan tun suna raye, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.