Ƙananan jam'iyyu da siyasar ƙasa a Nijar: abin da tarihin Arewa yake nunawa

Gabatarwa

A cikin wannan nazari muna so mu duba yadda ƙananan jam'iyyu suka yi tasiri a kan siyasar Nijar daga 1991 zuwa 2023. Mun ɗauki misali daga ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, mazaunin Arawa a Dallol Mawri. Da ƙaramar jam'iyya muna nufin wadda take samun kujeru kaɗan a majalisar dokoki, kuma ɗan takararta bai taɓa kaiwa zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ba. Ra'ayinmu shi ne, irin waɗannan jam'iyyu sun iya naɗa gwamnati ko su kada ta, kuma sun sami muƙamai, amma da wuya suka cim ma manufar da suka nemi ƙuri'a a kanta.

1. Dokokin da suka ba ƙarami nauyi

Bayan babban taron ƙasa na 1991, kundin tsarin mulki na Disamba 1992 ya kafa Jamhuriya ta uku. Abu biyu a cikin sabon tsarin suka daɗa wa ƙananan jam'iyyu daraja. Na farko, zaɓen shugaban ƙasa zagaye biyu ne, don haka dole ƴan takara biyu da suka rage su nemi goyon bayan waɗanda suka faɗi. Na biyu, ana raba yawancin kujerun majalisa jiha jiha, gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya. Ke nan jam'iyyar da take da gindi a yanki guda tana iya shiga majalisa ko da ba a san ta sosai a sauran ƙasa ba.

An ga sakamakon haka tun 1993. Mamadu Tanja na MNSD-Nasara ne ya zo na ɗaya a zagayen farko da kashi 34 cikin ɗari, amma Mahamman Usman na CDS-Rahama ya ci zagaye na biyu da taimakon ƙawancen AFC. A cikin ƙawancen akwai ANDP-Zaman Lahiya ta Mumuni Adamu Jarmakoye, mutumin Doso, mai kujeru 11 cikin 83. Shi aka ba shugabancin majalisa.

Zaɓen Janairu 1995 ya fi nuna abin a fili. MNSD ta sami kujeru 29, PNDS-Tarayya 12, jimilla 41, alhali ana bukatar 42. PPN-RDA da UPDP-Shamuwa, kowace mai kujera guda, su suka cika rinjaye zuwa 43. Da wannan rinjaye Hama Amadu ya zama faraminista, aka shiga zaman doya da manja tsakaninsa da shugaba Usman, har Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki ran 27 ga Janairu 1996.

2. RDP-Jama'a: daga mulki zuwa cikon rinjaye

Nan ne Arewa ta shigo tsakiyar labarin. Asalin gidan Ba'are Dumega ne, garin da ya faɗa cikin gundumar Tibiri sa'ad da aka cire ta daga Dogon Dutsi a 2011. A 1997 magoya bayansa suka kafa RDP-Jama'a a ƙarƙashin Hamid Algabid, tsohon faraminista daga yankin Tanut. Jam'iyyar ba ta Arawa kaɗai ba ce, amma Arewa tana cikin wuraren da ta fi kafuwa. Ran 9 ga Afrilu 1999 dogaran fadar shugaban ƙasa suka harbe Ba'are a filin jirgin sama na Yamai, aka rufe shi a Dumega.

Daga nan jam'iyyar mulki ta koma ƙarama. A ƙarshen 1999 Algabid ya sami kusan kashi 11, RDP ta sami kujeru 8 cikin 83. Ta goyi bayan Mahamadu Isufu, shi kuwa ya faɗi. A 2004 ta sami kujeru 6 cikin 113, ta koma bayan Tanja, ta shiga ɓangaren masu mulki. A 2009 ta amince da tazarce, a 2011 kuma, da kujeru 7, ta sake bin Isufu.

Babbar bukatar RDP ita ce a binciki kisan Ba'are, a soke afuwar da kundin 1999 ya yi wa masu juyin mulkin 1996 da na 1999. Duk da zamanta cikin ƙawancen masu mulki, ba a gurfanar da kowa a kotun Nijar ba. Hukuncin da ya ba iyalan mamacin gaskiya da diyya a 2015 daga kotun CEDEAO ya fito, bisa ƙarar da su da kansu suka shigar.

3. MPN-Kishin Ƙasa

Misali na biyu ya zo bayan shekara goma sha shida da rasuwar Ba'are. A 2015 PNDS ta kori Ibrahim Yakuba, ya kafa MPN-Kishin Ƙasa, wadda ta sami mabiya da yawa a jihar Doso, musamman a Arewa. A 2016 ya zo na biyar da kashi 4 da ɗoriya, jam'iyyarsa ta sami kujeru 5 cikin 171. Ya mara wa Isufu baya a zagaye na biyu, aka ba shi ministan harkokin waje. Cikin Afrilu 2018 ya bar gwamnati ya koma adawa. A 2020 ya sami kashi 5 da ɗoriya da kujeru 6, a 2022 kuma ya shiga gwamnatin Mohamed Bazum a matsayin ministan makamashi. Kujeru biyar ko shida ba su isa su zartar da doka ba, amma sun isa su kai shugaban jam'iyya majalisar ministoci har sau biyu.

Kammalawa

Daga waɗannan misalai muna iya fitar da abu uku. Na ɗaya, nauyin ƙaramar jam'iyya yana fitowa ne daga ƙarancin ratar da ke tsakanin manya. Idan rata ta yi faɗi, sai farashinta ya faɗi. Na biyu, ta fi ƙarfi a makonnin da ke tsakanin zagaye biyu, kafin a rantsar da wanda ya ci. Na uku, abin da ake biyanta da shi muƙami ne, muƙami kuwa na mutum guda ne, alhali ƙuri'un manoman Dumega, Matankari ko Gesheme ne suka sayo shi.

Sojoji sun kifar da gwamnatin Bazum ran 26 ga Yuli 2023, a Maris 2025 kuma aka rusa dukan jam'iyyun siyasa. Duk ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, ƴan Nijar za su fuskanci zaɓi mai wuya. In aka tsaurara sharuɗɗa don rage yawan jam'iyyu, yankuna irin Arewa suna iya rasa bakin da suke ciniki da shi a Yamai. In aka bar tsarin yadda yake a da, cinikin zai ci gaba a ɗaki, ba da sanin masu ƙuri'a ba. A ganinmu, mafi ƙarancin gyara shi ne a tilasta wa jam'iyyu su bayyana yarjejeniyar ƙawancensu a rubuce kafin zagaye na biyu.