Debian: manhajar kwamfuta ta kyauta, ko abin dogara ce?

Kwamfuta ba ta aiki da kanta. A cikinta akwai wata babbar manhaja wadda ke tada ta, take kuma jagorantar allo da maɓallan rubutu da ma'ajiyar takardu. Wadda aka fi sani a ofisoshin Tawa ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft, wadda ake saye da kuɗi. Akwai kuma wani dangi mai suna Linux, wanda ake samu kyauta. Debian na cikin tsofaffin ƴaƴan wannan dangi.

Zancen ya shafe mu. Kwamfutoci da dama da ke hannun cibiyoyin yaƙi da jahilci da ƙungiyoyin manoma, daga Tawa zuwa Keita da Kalfu da Tabalak, ƴan gwanjo ne ko na kyauta. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma tsaida tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa ba ta hawa tsofaffin na'urori da yawa. Kwamfutar da aka daina toshe wa ɓaraka kamar rumbu ne marar marfi, alhali a cikinta ake ajiye sunayen masu koyo da lissafin kuɗin asusu.

Daga ina ta fito?

A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar Linux. A watan Agusta na 1993 wani ɗalibin a Amurka, Ian Murdock, ya haɗa ta da sauran kayan aiki, ya sa wa haɗin suna Debian. Babu kamfanin da ya mallake ta. Masu aikin sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke riƙe da ita, kuma kowace shekara suna zaɓen shugaba. A 1997 suka rubuta alkawari cewa za ta zauna kyauta, kuma ba za su ɓoye matsalolinta ba. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, duk mai sani yana iya dubawa, kamar littafin asusun ƙungiya da ake karantawa a bainar taro.

Me ya jawo mata suna?

Rashin gaggawa. Kowace sabuwar manhaja sai ta bi matakai uku. Da farko tana zama a sashen da masana kaɗai ke taɓawa, sannan ta shiga sashen gwaji, a yi watanni ana neman aibinta. Sai an gamsu ake fitar da bugun da ake kira tsayayye, kusan duk bayan shekara biyu. Debian 12 ta fito a watan Yuni na 2023, Debian 13 a watan Agusta na 2025, kuma kowane bugu yana samun gyara na kimanin shekara biyar. Matasa kan yi ƙorafin cewa kayanta tsofaffin yayi ne. Da gaskiyarsu. Amma ga cibiyar da mai gyara ke nesa da ita, abin da bai canza fuska kowane wata ba shi ne alheri.

A kan Debian aka gina Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, wadda kuma jandarmomin Faransa suka ɗora wa dubban kwamfutocinsu. A 2013 aka mayar da wasu kwamfutocin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kan Debian.

Ba a ce ba ta taɓa tuntuɓe ba. A 2006 wani mai aikin sa kai ya cire ɗan rubutu daga manhajar da ke ƙera makullan sirri, da niyyar gyara. Ashe ya raunana makullan ne, har ɓarawo na iya cankar su. Ba a gano ba sai watan Mayu na 2008. Kusan shekara biyu ke nan littafi na buɗe, babu wanda ya lura. Da aka gano, masu Debian suka sanar da duniya da bakinsu, suka fitar da gyara. A watan Maris na 2024 kuma aka kama wata ɓoyayyiyar ƙofa da wani ya dasa da gangan cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Ta kai sashen gwaji na Debian, amma ba ta shiga bugu tsayayye ba. A wannan karo jinkirin ne ya yi rana.

Kafin a ɗora ta

Ƙwayoyin cutar da ke yawo a makullin USB daga shagon buga takardu zuwa ofis, galibinsu don Windows aka yi su, ba sa tashi a kan Debian. Sai dai makullin na iya ɗauke da su ya kai wa wata kwamfutar. Akwai LibreOffice don rubutu da lissafi, akwai kuma tsarin maɓallan Hausa mai ba da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, abin da ke da muhimmanci ga mai shirya darasi.

A fara tambayar mai gyara ko na'urar mai 64-bit ce. Debian 13 ta bar tsofaffi masu 32-bit. Su sai Debian 12, wadda gyaranta zai ƙare a 2028. Ana iya gwada ta daga makullin USB ba tare da an goge komai ba, a ga ko injin buga takarda zai yi aiki da ita, domin wasu injinan kan ƙi. Gyaran da ake fitarwa ta intanet yake zuwa, saboda haka cibiyar da ke ƙauye ta riƙa kai na'urar inda ake samun layi, ko da sau ɗaya a wata.

Debian ba ta maganin ɗaukewar wuta, ba ta hana ƙurar hunturu toshe fankar na'ura, balle zafin watan Afrilu. A riƙa lulluɓe kwamfuta bayan an kashe ta, a kwafe muhimman takardu a wani makulli da za a ajiye a gidan ma'aji, a kuma koya wa mutum biyu aikin, don kada tafiyar ɗaya cin rani ta tsaida komai.