Ƙofar da Aka Buɗe Rabi: Tarihin Tallafin Karatun Jami'a ga 'Ya'yan Baƙin Haure a Amurka

A shekarar 1975 majalisar dokokin jihar Texas ta Amurka ta kafa dokar da ta hana kashe kuɗin jiha a kan ilimin yaran da suka shiga ƙasar ba da izini ba. Hukumar makarantun garin Tyler ta ɗora nata sharaɗin: duk irin wannan yaro sai an biya masa dala 1,000 a shekara kafin ya zauna a aji. Wasu iyaye 'yan asalin Mekziko suka kai ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli. A 1982, a ƙarar da ake kira Plyler da Doe, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka rushe dokar. Hujjar Mai Shari'a William Brennan ita ce, yaro ba shi ya zaɓi tsallake iyaka ba, saboda haka bai dace a ɗora masa laifin iyayensa ba.

Sai dai hukuncin ya tsaya a kan firamare da sakandare, kuma a ganina a nan gizo ke saƙar. Ƙasa ta ɗauki nauyin yaro shekara goma sha biyu, ta koya masa harshenta da tarihinta, ranar da ya nufi jami'a kuma ta ce masa baƙo ne. Tallafi da rancen karatu na gwamnatin tarayya na 'yan ƙasa ne da baƙin da doka ta amince da zamansu. Jami'o'in jihohi kuwa kuɗi biyu suke yankawa, na ɗan jiha da na wanda ya zo daga waje, wanda kan ninka na farko sau biyu ko uku. Dokar shige da fice ta 1996 ta ƙara ɗaurin gwarmai, inda ta hana jiha bai wa baƙon haure rangwamen ɗan jiha bisa dalilin zama a cikinta, sai in za ta bai wa kowane Ba'amurke irinsa.

Abin mamaki, Texas ɗin da ta kori yaran daga aji ita ta fara lalubo mafita. A 2001 Gwamna Rick Perry, ɗan jam'iyyar Republican, ya sa hannu a dokar da ta ba da rangwamen ga wanda ya zauna shekara uku a jihar, ya kammala sakandare a cikinta, ya kuma yi rantsuwar neman izinin zama da zarar ya sami hali. Kalifoniya ta bi sahu a shekarar, a 2011 kuma ta buɗe musu tallafin kuɗi daga baitulmalinta.

A matakin tarayya labarin ya sha bamban. Tereza Lee, gwanar kaɗa piyano da aka haifa a Brazil, iyayenta 'yan Koriya, tana shekara biyu aka kai ta Amurka. Halin da ta shiga lokacin neman jami'a shi ya zaburar da Sanata Dick Durbin, wanda shi da Sanata Orrin Hatch suka tsaya wa ƙudurin DREAM a 2001. An sa ranar 12 ga Satumba domin sauraron bahasi a kansa. Ana gobe zama aka kai harin 11 ga Satumba, maganar baƙi ta koma maganar tsaro. A Disambar 2010 ƙudurin ya tsallake majalisar wakilai, amma a ta dattawa ya sami ƙuri'a 55 alhali 60 ake buƙata. Ƙuri'a biyar kacal, kuma har yau bai zama doka ba.

Shirin DACA da Shugaba Barack Obama ya ɓullo da shi a Yunin 2012 ya dakatar da korar waɗannan matasa, ya ba su izinin aiki na shekara biyu da ake sabuntawa. Mutane da yawa na zaton ya haɗa da tallafin karatu na tarayya, alhali ko sisi babu. Sannan sai wanda yake ƙasar tun Yunin 2007 ya cancanta, ke nan yawancin masu kammala sakandare a yanzu an tsame su tun daga tushe.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne, abin da jihohi suka bayar alfarma ce ba haƙƙi ba, kuma kowa ya hau dokin aro, a kan hanya yake sauka. A 2025 Florida ta janye rangwamenta. A watan Yunin shekarar ma'aikatar shari'a ta tarayya ta maka Texas a kotu, tana kafa hujja da dokar nan ta 1996. Maimakon jihar ta kare dokarta, sai ta goyi bayan mai ƙara, alƙali ya soke ta a ranar, bayan shekara 24 tana aiki. Ɗalibin da ya tafi hutu a matsayin ɗan jiha, da ya dawo sai ya tarar an yanka masa kuɗin baƙo.