Nasaba da Ilmi a Labaran Makarantun Sihiri: Bahasi daga Kudancin Kogin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗora littattafan matasa biyu, Harry Potter na J. K. Rowling, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1997, da Akata Witch na Nnedi Okorafor na 2011, bisa ma'aunin karda da shigege, domin a ga ko da'awarsu ta fifita ilmi a kan nasaba ta tabbata.

Bahasi

Duk wanda ya san yadda aka kafa masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta har Makera da Nasarawa suka cika da leburori daga kowace kusurwa, sa'an nan ya ga yadda ta rufe a 2002 ta bar ma'aikata suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru, ba zai yi jayayya ba idan aka ce yaron da ya tashi a gidan haya a can, yana kallon motocin makarantun kuɗi suna kwasar 'ya'yan Barnawa da sassafe alhali shi an koro shi saboda kuɗin jarrabawa, ba ya bukatar sharhin malami kafin ya fahimci ƙiyayyar da ke cikin littafin Rowling tsakanin Malfoy ɗan masu kuɗi da Ron Weasley, wanda ya shiga makarantar sihiri ta Hogwarts da tsohuwar rigar wani yayansa da sandar sihirin wani.

Sai dai mas'alar ta wuce talauci. A nazarinsa na 1959 kan matakan daraja a ƙasar Hausa, M. G. Smith ya bambanta sana'ar karda, wadda aka gada, da shigege, wadda mutum ya faɗa cikinta da rana tsaka, ya kuma nuna cewa ma'abota gado ne ke da fifiko. Zahirin littattafan nan yaƙi ne da wannan ƙa'ida, amma baɗininsu, a ra'ayinmu, tabbatar da ita ne. Harry, wanda aka rena yana kwana a ƙarƙashin matakala, da aka je banki sai ga zinariyar mahaifinsa jibge tana jiransa; ƙawarsa Hermione kuwa, 'yar likitocin haƙori, wadda ita ce shigege ta haƙiƙa, ta kuma fi kowa hadda da naci, ba sunanta ne a bangon littafin ba.

Okorafor ta fi kusantar adalci, domin a duniyarta kuɗi na zubowa ne a gaban wanda ya koyi sabon abu, na tagulla kuma ya fi na zinariya daraja, hikimar da malaman zaure ba za su ƙi ta ba. Duk da haka jarumar littafin, Sunny, zabiya mazauniyar Aba wadda iyayenta ba su san sihiri ba, daga baya an gano cewa daga kakarta ta wajen uwa baiwar ta gangaro.

Mai karatu ɗan Arewa ya san wannan tsari tun makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, inda aka keɓe wa 'ya'yan sarakuna sashe nasu. Abin da marubutan biyu suka kauce masa shi ne ɗan masaƙi wanda aka tono asalinsa kaf ba a sami kowa ba sai masaƙa, ya kuma zama gwarzon labari.